Daren Wasannin Tebur: Fagen da Ɗaliban Harshe Suka Yi Wa Riƙon Sakainar Kashi

A garuruwa da yawa na Faransa da Beljiyam da Kanada akwai wata al'ada da ta zauna da gindinta. Dare ɗaya a kowane mako, galibi na Juma'a ko na Asabar, wata ƙungiyar unguwa takan ari ɗaki a gidan matasa da al'adu, a jera tebura, a zube akwatunan wasa, duk wanda ya shigo a nema masa kujera. Wani teburin na masu Catan ne, wasan da Bajamushe Klaus Teuber ya fitar a 1995, inda ake musayar itace da tubali da alkama da ulu don gina hanyoyi da ƙauyuka. Wani na masu Scrabble ne, tsit kamar ɗakin jarrabawa. Can a kusurwa kuwa mutum biyar ko shida sun kewaye wani da ya kare takardunsa da ɗan kwali, ba komai a gabansu sai takarda da fensir da ƙwayoyin jefawa irin na ludo, amma masu fuska huɗu, da takwas, da goma sha biyu, har da ashirin. Shi mai kwalin shi ne jagora. Yakan bayyana musu inda taurarin labarinsu suke da abin da suka gani, kowa ya faɗi abin da nasa tauraron zai yi, sannan ƙwaya ta yanke hukunci ko abin ya yiwu ko ya ci tura. Wannan shi ne wasan kwaikwayon tebur, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974 da sunan Dungeons & Dragons. Labari guda yakan ɗauki watanni, kowane mako a ɗora daga inda aka tsaya.

Wanda ya leƙa irin wannan ɗaki da kunnen mai nazarin harshe zai lura cewa kusan duk abin da ke gudana a ciki magana ce: ciniki, gardama, zargi, kare kai, ba da labari, jayayya a kan ma'anar wata ƙa'ida. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ya kamata ɗaliban nazarin harshe, ko a Yamai suke ko a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, su kafa irin wannan zama na mako-mako, su kuma gudanar da shi da Hausa tun daga buɗewa har rufewa, har da karanta ƙa'idoji da ƙidayar maki. Wasa ba baƙon abu ba ne ga matasan Nijar. Kowace fada tana da kartarta da ludonta kusa da butar shayi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne zaman da aka tsara, mai rana da lokaci, wanda harshen da ake tsokanar juna da shi zai zama shi ne kuma harshen dokar wasan. A teburin belot, raha da gori da Hausa ake yin su, amma da zarar an zo kan sunan launin da ke ci ko lissafin maki 162 na zagaye, sai baki ya koma Faransanci ba tare da kowa ya lura ba.

Lamarin ya ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Doka tana iya ɗaga darajar harshe a rana ɗaya, amma sabo da sabon aiki sai an daɗe ana yinsa. Tun makarantun gwaji na shekarun 1970 hukumomi irin su INDRAP suke tattara keɓaɓɓun kalmomi a harsunan gida, kuma aiki ne abin yabo. Sai dai kalmar da ke kwance a jerin takarda ba a san ƙarkonta ba tukuna, sai ran da mutum biyu suka yi musu mai zafi da ita, kowa ya gane abin da ɗan'uwansa yake nufi. A kotu ko a asibiti, kalmar da ba ta zauna ba tana iya jawo asarar haƙƙi ko ta lafiya. A teburin wasa iyakar asararta zagaye ɗaya, a yi dariya, a nemi wata. Wurin gwajin da ya fi wannan arha zai yi wuyar samu.

Dangantakar wasa da kimiyyar harshe tsohuwa ce. Duk ɗalibin shekarar farko ya ji yadda Ferdinand de Saussure, a darussansa da aka buga a 1916, ya kwatanta harshe da shaɗaranji, darar nan mai sarki da sarauniya da doki: idan dokin ya ɓata, kowane ɗan abu yana iya tsayawa a madadinsa, domin darajarsa tana cikin matsayinsa a tsarin wasan. Dattijan da ke buga dara a gindin bishiya sun fi kowa nuna gaskiyar wannan, tun da gurabu 30 ne a haƙe cikin rairayi, wannan da tsinke 12, wancan da tsakuwa 12, kuma babu wanda ya taɓa cewa tsakuwa ta fi tsinke ƙarfi. Amma Saussure misali kawai ya ɗauka daga allon wasa. Maganar da ƴan wasan ke yi a gefen allon ba ta dame shi ba, ita ce kuwa abin nema a nan.

A fara da wasan kwaikwayon tebur, domin shi ya fi wadatar abin nazari. Masanin zamantakewa Gary Alan Fine ya zauna da masu wannan wasa a Amurka, ya kuma nuna a littafinsa Shared Fantasy na 1983, bisa tafarkin Erving Goffman, cewa mai wasan yana magana ne daga matakai uku: shi mutum ne a zaune a ɗaki, shi ɗan wasa ne mai bin ƙa'ida, shi ne kuma tauraron da ke cikin labari. Mutum ɗaya yana iya cewa a numfashi guda, "Na zare takobi, miƙo mini shayin nan, maki nawa suka rage mini?" Mai takobin yana cikin labari, mai shayin yana kan kujera, mai makin yana kan takarda, duk da haka wakilin suna ɗaya ne ya ɗauke su, kuma babu wanda ya rikice a teburin.

Da Ingilishi Fine ya yi aikinsa, inda wakilin sunan wanda ake yi wa magana ba ya nuna jinsi. Na Faransanci ma haka, Zabarmanci kuwa ba ya rarrabe jinsi a nahawunsa sam. Hausa fa? Ba ta yarda a yi wa mutum ɗaya magana ba sai an zaɓa: kai ko ke, ka ko kin, maka ko miki, naka ko naki. A ɗauka wani ɗalibi namiji ya zaɓi tauraruwa, wata dattijuwa mai fataucin goro. Duk sa'ad da jagora ya juyo gare shi, dole nahawu ya tona da wa yake magana. Ana iya tsammanin ya ce, "Kin ji motsi a bayan rumbu, ka jefa ƙwaya mu gani," wato "kin" ga matar da ke cikin labari, "ka" ga saurayin da ke riƙe da ƙwaya. Abin da Fine ya sha wahalar ganowa ta hanyar lura da murya da yanayi, Hausa ta sa masa alama a fili cikin jumla. Tambayoyin da ke biye su ne masu daɗin. Shin jagora yana riƙe wannan rabon kullum, ko yana zamewa idan labari ya yi zafi? Idan ya zame, ta wane ɓangare? Sauran ƴan wasa, in suna maganar abokinsu a bayan idonsa, "ya" suke cewa ko "ta"? Ɗaliba mace da ta ɗauki tauraro namiji, daidai ake yi mata da yadda ake yi wa namijin da ya ɗauki mace, ko kunya da al'ada suna karkatar da zaɓin? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa kundin lisans, haɗuwarsu kuma ta isa na masta, kuma ba a bukatar kuɗin mota zuwa wani ƙauye kafin a samu bayanan.

Akwai kuma batun lokutan aikatau, wanda ya fi wancan sarƙaƙiya. Tatsuniya labarin abin da ya wuce ne, shi ya sa take tafiya a kan shuɗaɗɗen lokaci na biyu: sai Gizo ya tashi, suka kama hanya, aka kai su gaban sarki. Labarin teburin wasa kuwa yanzu yake faruwa, kuma da mai sauraro yake faruwa. Jagoran da ke magana da Faransanci lokacin yanzu yake amfani da shi, ya huta. Na Hausa sai ya zaɓa tsakanin "kana shiga ɗakin", da "ka shiga ɗakin", da "ga ka a cikin ɗakin", kowanne da irin nisan da yake sakawa tsakanin mutum da abin da ke faruwa. Sannan a dubi wannan gajeriyar jumla yadda take a rubuce: ka buɗe ƙofa. Idan wasalin "ka" dogo ne mai karin sama, aiki ya kammala, ƙofa a buɗe take. Idan gajere ne mai karin sama, ana cikin jerin labari ne, irin wanda "sai" ke jawowa. Idan gajere ne mai karin ƙasa, umurni ne, ƙofa tana nan a rufe. Idan kuma dogo ne mai karin faɗau, lokaci mai zuwa na biyu ne, mai ƙamshin gargaɗi. Ma'ana huɗu a rubutu ɗaya. A wasa bambancin ba ƙarami ba ne, domin idan akwai tarko a bayan ƙofar, ran tauraron ya rataya ne a kan ko an riga an buɗe ko ba a buɗe ba. A baki, kunne yana warware matsalar nan take. Ran da ɗalibai suka zauna rubuta labarin wasa ko littafin ƙa'idoji da Hausa, za su yi karo da tambayar da tarukan daidaita rubutu, daga na Bamako a 1966 zuwa na Yamai a 1980, suka bari a buɗe ga marubucin yau da kullum: yaushe rashin nuna tsawon wasali da karin sauti yake zama cikas na gaske? Muhawarar da aka saba yi a aji da misalan da malami ya ƙirƙira za ta samu misalan da suka taso da kansu.

Teburin da ya haɗa ɗan Adar da ɗan Damagaram zai ƙara wani armashin. Jagoran da ya tashi da "sunka" da "anka" da "yat tahi", zai riƙe su idan yana magana da bakin wani tsoho na cikin labari, ya sake su idan yana bayanin ƙa'ida? Wane karin harshe ake ba sarki, wane ake ba ɓarawo? Amsar za ta faɗi abubuwa game da darajar kare-karen harshe a zukatan matasa waɗanda takardar tambayoyi ba za ta taɓa fitarwa ba, don kowa ya san amsar da ta dace ya rubuta.

Wasa na biyu ya fi sauƙin farawa, kuma ba ya bukatar ƙwaya ko allo. Asalinsa wasan Mafia ne da Dimitry Davidoff ya ƙirƙira a Jami'ar Mosko a shekarun 1980, amma masu jin Faransanci sun fi saninsa da sunan Les Loups-garous de Thiercelieux, wanda Philippe des Pallières da Hervé Marly suka fitar a 2001. Mutum 8 zuwa 18 ne ke zama, a raba musu katuna a ɓoye. Kaɗan daga cikinsu mugaye ne masu cin mutum ɗaya kowane dare, sa'ad da kowa ya rufe ido. Da rana kuma gari ya taru ya yi muhawara, a jefa ƙuri'a a fitar da wanda ake zargi. Dukan wasan zargi ne da kare kai, wasu da gaskiya, wasu da ƙarya. Nan ne ƙananan kalmomin nan da Paul Newman ya jera a nahawunsa na 2000, wato fa, dai, kuwa, kuma, ma da kam, suke aikinsu na ainihi. "Ni dai ban ji komai ba" mai takatsantsan ne, ya tsaya a kan abin da ya shafe shi. "Ni kam ban ji komai ba" ya ware kansa daga sauran, kamar yana cewa su sai su faɗi nasu. "Ni ma ban ji komai ba" ya ɓuya cikin taro. "Ni fa ban ji komai ba" ya ji ana matso shi, yana ja da baya da gargaɗi. A ƙara da "wai", wadda ke iya rushe shaidar mutum da gaɓa ɗaya, da "ashe", wadda ke fitowa sa'ad da aka juya katin wanda aka fitar. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tambayar mai magana da Hausa bambancin "dai" da "kam" kai tsaye ya san yadda amsar ke kuɓucewa. William Labov ya bayyana matsalar tun 1972: mai bincike yana son jin yadda mutane ke magana idan ba a sauraronsu, alhali ba shi da hanya sai saurare. Mutumin da ake shirin fitarwa daga wasa bisa zargin ƙarya yakan manta da na'urar ɗaukar murya cikin minti biyu.

Mayar da wannan wasa Hausa yana da tarkonsa, kuma tarkon darasi ne. Mutum mai rikiɗa kyarkeci tatsuniyar Turai ce. Mai gaggawar fassara zai ce ai maye ne daidai da shi, tun da shi ma ana cewa yana cin mutane a ɓoye yana zaune cikinsu. Ta fuskar ma'ana zaɓin ya yi kusa, ta fuskar zaman jama'a kuwa ganganci ne. Zargin maita ya raba aure, ya kori mutane daga garuruwansu, kuma kalmar tana manne wa mutum ko da wasa aka jefe shi da ita. Kura ta fi dacewa: tana yawo da dare, labarin mutum mai rikiɗa kura sananne ne, kuma wanda aka kira kura a teburin wasa zai tashi da sunansa cikakke. Mai duba sai ya zama boka, mai bindiga maharbi, shugaban taro mai gari. Akwai wata ƙa'idar da littafin Faransanci bai tanada ba, wadda dole a kafa tun daren farko: ba rantsuwa da Allah. Wasan da ya halatta ƙarya ba zai zauna da "wallahi" ba, domin ko dai rantsuwar ta kashe wasan, tun da kura mai tsoron Allah ba za ta rantse ba, ko wasan ya zubar da darajar rantsuwar. Abin da masu kare kansu za su ɗauko a madadinta, shi ma abin rubutawa ne.

Scrabble ya fi kowanne tona asirin rubutu. Alfred Butts, wanda ya ƙirƙire shi a Amurka a shekarun 1930, ya ƙidaya yawan fitowar haruffa a jaridu ne kafin ya yanke yawan kowace ƙwaya da makinta. Na Faransanci yana da ƙwayoyi 102, E guda 15, A guda 9, sai K da W da Y kowanne guda ɗaya tak mai maki 10, saboda ƙarancinsu a wancan harshe. Su ne kuwa haruffan da Hausa ke sha kamar ruwa. Mai son rubuta "kwakwa" da akwatin Faransanci sai ya ƙone fararen ƙwayoyin nan biyu duka. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ, ga kuma P da Q da V da X suna zaman banza. Afirka ta Yamma ba ƙyalle ba ce a wannan wasa: Dakar ta karɓi gasar duniya ta Faransanci a 2008, kuma Wellington Jighere na Najeriya ya ci ta Ingilishi a Perth a 2015. Amma akwatin Hausa sai an ƙera shi, kuma ƙera shi aikin masana harshe ne tsantsa. Sai an tara matani an ƙidaya haruffa. Sai an yanke ko "sh" da "ts" ƙwaya ɗaya ne ko biyu, kamar yadda masu Scrabble na harshen Welsh suka ba tagwayen baƙaƙensu ƙwaya guda-guda, sannan a san yadda za a yi da "ky" da "gw" da "ƙw". Mafi wuya, sai an amince da ƙamusun da zai raba gardama. Na Bargery na 1934 yana da yalwa amma ya tsufa. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 Hausar Kano ce ginshiƙinsa. Ƙaramin Ƙamus na Abdou Mijinguini na gida ne amma sunansa ya faɗi girmansa. Idan ɗan Tawa ya jera "tahi", a karɓa ko a ƙi? Kalmomin da aka aro daga Faransanci, waɗanda ba a san su a Kano ba, Hausa ne ko ba Hausa ba? Ƙungiyar da ta ƙi su ta ce wa ƴaƴanta bakinsu ba daidai ba ne. Mafi alheri a karɓi duk kalmar da mutum biyu a teburin suka shaida, a rubuta ta a littafin ƙungiya da sunan yankinta. Bayan shekara guda littafin nan zai fi wasan kansa daraja.

Ƙidayar maki ma tana da nata amfanin. A kasuwannin Nijar lambobin Hausa sun ɗaure da dala, ta yadda "ashirin" tamma 100 ce, "ɗari" kuma 500. Wannan yana cikin abin da ke tura mai ilimin boko zuwa Faransanci duk sa'ad da yake son lamba tsurarta. Maki ba kuɗi ba ne, don haka wanda ya ce "tamanin da biyu" a teburin wasa 82 yake nufi, ba wani ninki.

Masu ƙin wannan shawara suna da hujjoji, kuma wasunsu masu nauyi ne. Na farko addini. Muwaɗɗa ta Imamu Malik tana da babi a kan wasan nardu, wanda da ƙwayar jefawa ake yinsa, kuma an san Malik bai so shaɗaranji ba. A ƙasar da mazhabar Malikiyya ta yi rinjaye, wannan ba abin da za a share da murmushi ba ne, hukuncinsa kuma na malamai ne. Abin da ƙungiya za ta iya yi shi ne ta kauce wa wurin saɓani: ba kuɗi ko na shayi a kan sakamako, a tashi idan an kira salla, a kuma fifita wasannin da ba su da ƙwaya. Wasan kuraye ba shi da ita, Scrabble ba shi da ita, kuma tun 1991, da fitowar wasan Amber, aka san ana iya kwaikwayon tebur ba tare da jefa komai ba. Na biyu, abin da ke cikin labaran. Dodanni da matsafa da gumakan Dungeons & Dragons sun tayar da hankalin iyaye a Amurka kanta a shekarun 1980, ballantana a nan. Amma babu abin da ya wajabta aro su. Fassarar sunan wasan ma zuwa Faransanci ta yi tuntuɓe, inda kalmar Ingilishi mai nufin kurkukun ƙarƙashin ƙasa ta koma kalmar da ke nufin hasumiyar fada, saboda kamar da suka yi a rubuce.

Tarihin ƙasar Hausa yana da labarin da ya fi dacewa da tebur. Ayarin fataken goro da ke zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, wanda Paul Lovejoy ya yi wa littafi a 1980, ya zo da matsayinsa a shirye: madugu mai shugabanci, jagaba mai gaba, uban dawaki, da fatake kowa da jakunansa. Tafiyar watanni ce, da kanwa da rinannun tufafi a tafi, da huhunan goro a komo. Akwai kuɗin fito a bakin Kwara, akwai sarakunan hanya da sai an yi ciniki da su, akwai ƴan fashi, akwai goron da zai lalace idan aka yi jinkiri. Ɗalibin da zai ja wannan labari dole ya koma ga tsofaffin ƙamusoshi da kakanninsa ya gano cewa ƙwaryar goro 100 ce, keson wuri kuma 20,000, ya kuma koyi yadda talaka ke gaida sarki da yadda baƙo ke neman masauki a zango. Kalmomin da suka kwanta za su sake shiga bakin ƴan shekara ashirin, ko da na awa uku ne a mako. Shiga rigar wani ma ba sabon abu ba ne. Wasan kara na ƙasar Damagaram, inda samari ke ɗaukar matsayin sarki da hakimai da manyan gwamnati, da tashen watan azumi, da wasannin ƙungiyoyin samariya waɗanda Janet Beik ta nuna a 1987 cewa zubin labari kawai ake amincewa a kai, kowa ya ƙirƙiro maganarsa a kan dandamali, duk dangin juna ne. Bambancin na tebur shi ne ba ƴan kallo, kuma ko jagora bai san yadda labarin zai ƙare ba.

Hujja ta uku ita ce ɓata lokaci, kuma amsarta gajeriya ce: awannin da ake kashewa a kan allon waya sun ninka waɗannan, ba tare da an bar ko layi ɗaya na bayanan bincike ba. Ta huɗu ta fi cancantar a tsaya a kanta. Idan aka kwaikwayi Turai har a lokacin zama, aka sa shi bayan isha'i a wata fada, to an rufe wa ɗalibai mata ƙofa, kuma rabin tambayoyin "ka" da "ki" sun mutu tun ba a fara ba. Sunan "dare" ba wajibi ba ne. Tsakanin la'asar da magariba, a wani aji na jami'a da izinin sashe, ya fi dacewa da kowa, ya kuma rage dogaro da wutar lantarki.

Kayan farawa ba su wuce kwali ɗaya da aka yanka gida 18 ba, a rubuta kura a kan uku ko huɗu, boka da maharbi ɗaya-ɗaya, sauran talakawan gari. Ɗaukar murya sai da yardar kowa a rubuce, a kuma sauya sunaye a duk abin da za a buga, domin wanda ya ƙware da ƙarya a wasa ba zai so malaminsa ya karanta hakan da sunansa ba. Kada kuma a yi kwaɗayin ɗaukar zaman gaba ɗaya. Maganar mutum goma sha biyu da ke katse juna tana cin awanni masu yawa kafin a mayar da ita rubutu, balle in za a sa karin sauti da tsawon wasali. Minti goma na muhawarar rana ta biyu, lokacin da an riga an fitar da mutum ɗaya bisa kuskure kuma kowa ya fara tsoron maƙwabcinsa, sun ishi ɗalibai biyu aikin mako guda.